Farin Itacen da Ya Rufe Bukar

Mu biyu ne daga yankinmu a cikin waɗanda aka tura Rasha karatu a waccan shekara, ni daga Roni, Bukar daga Babura. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, ana ta kwasar samari ana aikawa ƙasashen waje, kowa da abin da aka ce ya je ya koyo. Mu an ce mana aikin sarrafa katako za mu karanta, in mun dawo za a kafa masana'antar ashana a Arewa a damƙa mana. Ban taɓa ganin Bukar ba sai a Mosko, a layin karɓar bargo, inda na ji wani dogon saurayi a bayana yana yi wa sanyi Allah ya isa da Hausa. Na waiwaya na tambaye shi daga ina, ya ce Babura. Na ce ai kuwa na sha cin kasuwarku. Tun daga ranar komai namu tare yake.

Bukar Babarbare ne, kakansa ne ya taso daga gabas ya zauna a Babura. Mahaifinsa fataucin hatsi da tumaki yake yi tsakanin nan da ƙasar Nijar. Hausa yake yi kamar kowa, amma in ransa ya ɓaci ko ya yi nisa cikin tunani sai ka ji ya koma Barbarci. Ya girme ni, ya fi ni ƙarfi, ya fi ni fara'a. Abu ɗaya na fi shi, saurin kama harshen Rasha.

Shekara guda muka yi a Mosko muna koyon harshen. Wanda ya fara cutar mu ba Bature ba ne, baƙar fata ne, wani ɗalibi daga wata ƙasar Afirka da ya daɗe a can. Ya zo ɗakinmu da murmushi, ya ce rigunan sanyin da aka raba mana ba za su fisshe mu ba, shi yana da na gaske. Ya karɓi agogona da rediyon Bukar, ya kawo mana manyan kwat biyu gwanin kyau. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara jiƙa su sai muka ji suna wani irin wari, kafaɗa ta saɓule. Bukar ya farke ɗinkin ciki, sai ga tsofaffin jaridu an cusa maimakon auduga. Muka nemi mutumin, aka ce ya koma wani gari.

Abinci kuwa, kusan duk miyar da aka zubo mana da naman alade a ciki. Muka koma burodi da shayi da dankali da kabeji. Bukar ya zo da kuka da daddawa a cikin gwangwani, muna tsakura kamar magani. Ranar da ta ƙare ya wanke gwangwanin da ruwan zafi, muka raba ruwan muka sha.

Da aka gama shekarar harshe aka kafe sunaye a jikin bango. Yawancin abokanmu aka bar su a manyan jami'o'i. Sunana da na Bukar suna kan wata takarda dabam, a can ƙasa. Aka sa mu a jirgin ƙasa muka yi arewa, kwana biyu ba abin da muke gani ta taga sai itatuwa. Garin da aka sauke mu ƙarami ne, gidajen katako, kogi ɗaya, makaranta ɗaya ta koyon sana'a, da masana'antar ashana wadda kusan kowa a garin a nan yake aiki. Ba a taɓa ganin baƙar fata a wurin ba. Wata tsohuwa a tasha ta kama hannuna ta goga da yatsa, ta duba yatsan.

Malamarmu wata siririyar mace ce mai furfura, ba ta dariya amma ba ta da mugunta. Ranar farko ta ɗora wani guntun katako a kan tebur, fari sol, ta ce wannan shi ne rayuwarmu daga yau. Sunansa osina, da Turanci kuma aspen. Bukar ya raɗa mini cewa ashe Azbin za a kawo mu aka yi ta wannan kewaye, ai da an faɗa masa da ya bi ayarin raƙuma daga Babura. Na danne dariya har hawaye ya zo mini.

Ta ɗauki tsinken wani itace mai ƙaro ta kunna, ya yi ta tartsatsi yana baƙin hayaƙi. Ta kunna tsinken osina, wutar ta bi shi a hankali, ba hayaƙi, ba tartsatsi, har ta kusa yatsunta. Ta ce dalili ke nan da ya sa ake yin ashana da shi. Ba shi da ƙaro ko kaɗan. Yana da taushi, injin yana fere shi ba tare da ya dakushe ba, kuma zarensa a miƙe yake, tsinken ba ya karyewa in an ƙyasta. Jikinsa yana shan kakin da ake tsoma shi a ciki kamar yadda soso yake shan ruwa. Ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, shi ya sa da shi suke yin akwatunan man shanu da cokula. Ana yin takarda da shi. Ƙusa ba ta tsaga shi. Amma a murhu ba shi da zafi, sai dai in ana so a ƙone baƙin da ya taru a bututun hayaƙi.

Na ɗaga hannu na tambaye ta ko yana fitowa a ƙasa mai zafi. Ta tambaye ni irin zafin ƙasarmu, na gaya mata. Ta girgiza kai ta ce ko wata ɗaya ba zai yi ba. Bayan darasi na ce wa Bukar to mu me muka zo koya, itacen da babu shi a ƙasarmu? Ya ce in bar wannan tunani, waɗanda suka turo mu ai sun fi mu sani, ƙila a jirgin ruwa za a riƙa kawo shi. Shi dai burinsa takardar shaida. Ya ce mahaifinsa ya riga ya gaya wa duk Babura cewa ɗansa injiniya zai dawo.

Da lokacin ɗumi ya zo aka kai mu daji muka ga itacen a tsaye. Dogo ne siriri, ɓawonsa kore-kore mai toka-toka, ɗaci gare shi kamar maɗaci. Ganyensa zagayayye ne, kuma ba ya daina rawa. Ko iska ba ta motsi za ka ga yana karkarwa, yana wani sauti mai kama da yayyafi. Bukar ya tsaya ya rufe ido ya daɗe, ya ce kamar ruwan farkon damina a kan ganyen gero. Ni ma duwatsun Roni suka faɗo mini a rai, da ƙanshin ƙasa in an yi ruwan shuka. Muka koma mota.

Sara kuwa da sanyi ake yi, lokacin da fadamu suka daskare mota za ta iya shiga. Ɗanyen osina cike yake da ruwa, nauyinsa ya ninka na busasshe, kuma da yawa za ka ga lafiya lau a waje, a sare a tarar cikin ya ruɓe. Mun yi wata biyu a dajin muna ja muna lodi, ƙanƙara har gwiwa. Daga nan aka mai da mu masana'anta, wai koyon aiki a aikace.

A nan muka faɗa hannun foman, wani ƙato mai jan wuya wanda sai da sa hannunsa za a ba mu takardar kammalawa. A rubuce, kamata ya yi mu zagaya sassa duka: inda ake fere gungume ya warware kamar ana kwance rawani, inda ake datsa shi tsinke-tsinke, inda ake busarwa, inda ake tsoma kan a magani. Shi kuwa ya ajiye mu a tafkin ruwan zafi, inda ake jiƙa gungume ya yi laushi kafin a kai wa injin. Aikin da 'yan garin suke gudu ke nan. Ka tsaya cikin tururi da ƙugiya kana jan itace har tufafinka su jiƙe sharkaf, sa'an nan ka fita fili ka turo wasu, rigar ta daskare a jikinka tana ƙara kamar busasshiyar fata. Haka za ka yi ta shiga da fita har a tashi. Na kai ƙara wurin malamarmu, ta ce masana'anta ba ta hannunta.

Akwai wani tsoho mai wasa wuƙar injin, sunansa Ilyas, gajere mai ƙananan idanu. Wata rana lokacin cin abinci ya ji Bukar ya yi bisimilla. Ya bari sai da mutane suka watse, ya matso kamar zai ɗauki wani abu, ya yi mana sallama ƙasa-ƙasa. Kusan wata ashirin rabon da mu ji sallama daga bakin wani. Ya ce shi Batatare ne, wata ƙabila ce ta ƙasar, kakanninsa Musulmi ne, amma abin da ya rage masa Fatiha ce da gajerun surori biyu, kuma kada mu nuna mun san shi a gaban foman. Ranar hutu ya kai mu gidansa, matarsa ta dafa mana miyar naman rago. Ya sassaƙa mana cokula biyu na osina. Ya kai mu ɗakin wankansu na tururi a bayan gida, muka zauna a kan benci cikin zafin da ya isa ya gasa mutum, amma bencin bai ƙona mu ba. Ya ce ai shi ma osina ne, ba ya riƙe zafi, ba ya fid da sartse. A ranar kaɗai na ji ɗumi ya kai mini har ƙashi.

Tari ya fara kama Bukar a tsakiyar sanyin nan. Likitan masana'anta ya ce mura ce, ya ba shi hutun kwana uku. Ya koma tafki, tarin ya ƙaru.

A cikin wannan hali ne wata safiya foman ya leƙo ya yi magana da sauri, ya ce ana neman mutum ɗaya a ɗakin busarwa, ɗaya daga cikinmu ya zo. Ɗakin busarwa ɗumi ne da shi, ba ruwa, ba fita waje. Bukar yana can ƙarshen tafki, kuma ko da ya ji ba lalle ya gane ba. Ni na gane sarai. Yatsun ƙafata biyu sun riga sun fara baƙi saboda sanyi, kullum da kuka nake cire takalmi. Na ajiye ƙugiyata na bi foman. Da yamma na ce wa Bukar ni aka kira da suna. Ya ce madalla, gara ɗayanmu ya huta, shi ai jikinsa ya fi nawa ƙwari.

Mako uku bayan haka na fito shan iska na hango shi a fili ya dafa gungume yana tari, ƙanƙarar da ke gabansa ta yi ja. Na je na sami foman na ce a musanya mu. Ya ce an riga an rubuta, ba a canzawa, kuma mutanen ƙasashen zafi dama ragwaye ne. Na roƙi Bukar ya bar aikin, ya ce saura wata ɗaya a sa mana hannu, ba zai koma Babura hannu rabbana ba. Bai cika watan ba. Ya faɗi a bakin tafki, aka ɗauke shi a motar katako zuwa asibitin garin.

Kwana tara ya yi. Likitoci suka ce huhunsa duka biyu sun kamu. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, akwai wata ma da take kawo masa madara daga gidanta. Ranar ƙarshe, wajen azahar, ya farka ya kama hannuna ya fara magana. Ya daɗe yana yi, a natse, yana kallona, kamar mai ba da saƙo. Amma da Barbarci yake yi. Na ce, “Bukar, yi Hausa, ba na ji.” Bai ji ni ba. Ya ci gaba har muryarsa ta yi ƙasa. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada, na ga leɓensa yana motsi, daga nan ya yi shiru.

An aika waya gida, amma aka ce kai gawa ba abu ne mai yiwuwa ba daga wannan nisa. Hukumar garin ta ce za ta sa shi a akwati da kwat ɗinsa ta binne kamar kowa. A nan Ilyas ya daina ɓuya. Ya zo asibiti da rana tsaka, ya ce shi zai karɓi gawar. Ni da shi muka yi masa wanka, ina tuno yadda na ga ana yi a Roni, shi yana tuno yadda ya ga an yi wa kakansa. Matarsa ta yanka sababbin zannuwan gadonta ta ɗinka likkafani.

Ƙasa ta daskare kamar dutse, diga tana tashi in an sara. Sai da muka yini muka kwana ana hura wuta a wurin da wani itace mai zafi kafin ta saki. Muka haƙa a wata kusurwa ta maƙabartar inda aka binne Tatarawa kaɗan, muka fid da ƙaramin ramin ciki. Saura abin da za a jera a kai kafin a zuba ƙasa. Na koma masana'anta na ce wa foman ina son katako. Bai dube ni ba. Ya tafi cikin tarin gungume yana bubbuga su da bayan gatari har ya sami wanda cikinsa bai ruɓe ba, ya ja shi da kansa ya ɗora a kan zarto, ya juya ya tafi. Ni na tsaga shi. Zarton yana shiga kamar ana yanka ɗanyen rogo, farin gari yana zuba a kan takalmina.

Wata mata a cikin ma'aikata ta ga abin da nake yi, ta ce kada in kuskura, osina la'anannen itace ne, shi ya sa ganyensa ba ya daina karkarwa, su ba sa kusantar da shi ga mamaci. Na tsaya da katako a hannu. Ilyas ya karɓa ya ce mini, “Ɗana, itace ba ya ɗaukar zunubi. A ƙauyenmu da shi muke ɗaure rijiya, ruwan da muke sha a jikinsa yake kwana.”

Na shiga gaba na yi masa salla, Ilyas shi kaɗai a bayana. Malamarmu tana tsaye daga nesa cikin baƙin mayafi. Muka sa shi, muka jera fararen katakon nan guda bakwai, muka toshe tsakaninsu da taɓon da wuta ta narkar, muka mai da ƙasa. Kafin mu kai ƙofar maƙabarta dusar ƙanƙara ta rufe wurin.

Na ƙara shekara biyu a makarantar na gama. Yatsun nan biyu an yanke su. Masana'antar ashana da aka ce za a damƙa mana ba a taɓa aza ko tubali ɗaya ba, aikin gandun daji aka ba ni a Kazaure, na yi ta renon dashen darbejiya har na yi ritaya. Amma kafin duk wannan, kwana huɗu da dawowata, na hau mota na tafi Babura da akwatin Bukar. A hanya na yanke shawara zan faɗa wa mahaifinsa maganar ɗakin busarwa, ya yi mini duk abin da ya ga dama.

Na same shi a zaure bayan la'asar, dogo kamar ɗansa, gemu fari. Na cire takalmi na durƙusa na yi masa gaisuwa. Bai buɗe akwatin ba. Ya tambaye ni wa ya yi masa wanka, na faɗa. Ya tambaya mutum nawa suka yi masa salla, na ce biyu. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce ya bar wasiyya? Na ce, “Baba, ya yi magana mai tsawo, amma da harshenku ya yi, ni kuwa ba na ji.” Ya ce ko kalma ɗaya ban riƙe ba? Na ce ko ɗaya. Ya sunkuyar da kai.

Can ya ce da me muka rufe shi, na ce da wani farin itace na ƙasar, mai tsabta, marar wari. Ya ce gara ba ta cin sa? Na ce babu gara a ƙasar. Ya ce mun dai fuskantar da shi gabas ko? Na ce a can alƙibla kudu take, kudu muka fuskantar da shi. Ya ɗago ya dube ni, ya maimaita kalmar a hankali, kamar yana auna nisan wurin da har Makka ta koma kudu.

Na buɗe baki zan fara. Sai ya miƙo hannu ya dafa kaina. Ya ce abin da na yi wa Bukar ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya iyakar abin da zai yi ke nan, daga yau ni ɗansa ne, gidan nan gidana ne. Ya yi ta sa mini albarka, ya kira matan gida su zo su ga wanda ya tsaya wa Bukar a ƙasar da ba shi da kowa. Suka zo bakin ƙofa suna kuka suna yi mini addu'a. Aka kawo fura a sabuwar ƙwarya aka ajiye a gabana.

Na sha furar. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa gaishe shi duk salla, yana kirana ɗansa, har Allah ya karɓi ransa. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari, kuma ban taɓa gaya masa ba.